Shaddar maƙwabci da rijiyar gida: mita nawa ne zai raba su?

Wani mai karatu daga Maradi ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum. Gidana yana gangaren gari ne, ta wajen gulbi. Muna da rijiya a tsakar gida, zurfinta mita 8. Da rani sai guga ya yi mita 6 kafin ya taɓa ruwa, amma da malka ruwan yakan hau har ya rage mita 3 da rabi. Bara maƙwabcina ya gina shadda a jikin katangarmu. Na auna, tsakaninta da rijiyar mita 12 ne, magini kuma ya ce ramin ya kai mita 4. Ruwan garau yake, babu wari, amma yara sun sha fama da zawo a daminar da ta wuce. Wasu sun ce in an kai mita 15 babu komai, wasu sun ce sai 30. Shin ƙazanta tana iya bin ƙasa ta iso rijiya? Ko in tara kuɗi in haƙa burtsatse in huta?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yara lafiya. Tambayarka ta kasu biyu: ko abin da ke cikin ramin shadda zai iya tafiyar mita 12 a ƙarƙashin ƙasa ya iso rijiya da sauran ƙarfinsa, da kuma ko zurfafa haƙa zai fisshe ka. Amsar ta farko ita ce e, yana iyawa, kuma a ƙididdigar da ka kawo ba mita 12 ɗin ne suka fi tayar mini da hankali ba. Ka dubi waɗannan biyun: ramin ya kai mita 4, ruwa kuma da malka yana mita 3 da rabi. Ke nan akwai makonni a shekara da gindin ramin yake tsundum cikin ruwan da kuke sha. Amsar ta biyu kuwa tana da sharuɗɗa, zan zo kanta.

Yadda ruwa yake zaune a ƙarƙashinmu

Masu haƙar rijiya sukan ce sun "sami jijiya", shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka akwai wani kogi da ke gudu a ƙarƙashin ƙasa. A yankunan dutse, irin na kudancin Madarunfa wajen iyaka, maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin can ruwa a tsagar dutse yake bi. Amma a Maradi da kewayenta ruwa yana cikin ƴan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin rairayi da tsakuwa ne, kamar yadda yake shiga tsakanin ƙwayoyin gero idan an jiƙa shi a ƙwarya. Rijiyarka, da ta maƙwabcinka, da ta masallacin unguwa, duk ruwa ɗaya suke leƙawa.

Hawa biyu ne suka shafe mu. Na sama shi ne rairayi da tsakuwa da laka da Gulbin Maradi ya daɗe yana jibgewa a kwarinsa, tun daga Madarunfa da Jiratawa har Tibiri da Gidan Rumji. Ruwan wannan hawa yana kusa, shi ne masu lambu suke ja da injin ban ruwa, shi ne kuma rijiyar mita 8 take sha. Gulbin kansa, wanda ke fitowa daga ƙasar Katsina ya biyo ta madatsar Jibiya, yana cikin manyan abubuwan da ke ciyar da shi idan ya kawo. A ƙarƙashin wannan akwai tsohon dutsen rairayi mai kauri, ana samun shimfiɗun yumɓu a tsakaninsa, daga nan ne manyan rijiyoyin burtsatse suke ɗauko ruwa. Yumɓun nan ba shimfiɗa ɗaya ba ce da ta rufe ko'ina. Wani wuri yana da kauri, wani wuri ya tsinke. Wannan tsinkewa ce take sa gidaje biyu a layi ɗaya su sami sakamako daban.

Kada a manta kuma tsohon garin Maradi a cikin kwarin yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau tudu. Unguwannin gangare suna zaune ne a inda ruwa yake da tsohuwar hanya, a sama da ƙasa.

Kwana ake ƙirgawa

Ƙwayoyin cutar da ke cikin bayan gida ba sa daɗewa a ƙasa har abada. Wasu suna maƙalewa a jikin rairayi da laka, wasu ƙwayoyin ƙasa suna cinye su, wasu kuma suna mutuwa don sun rabu da cikin ɗan Adam. Saboda haka abin da masu bincike suke aunawa shi ne kwana nawa ruwa zai yi daga ramin zuwa rijiya. Ma'aunin da aka fi aiki da shi ya ce idan tafiyar ba ta kai kwana 25 ba, haɗarin babba ne. Tsakanin 25 da 50 ya ragu. Sama da 50 ya yi ƙasa ƙwarai. Mita 15 da mita 30 da ka ji ana faɗa ƙoƙari ne na mayar da waɗannan kwanaki zuwa abin da za a iya aunawa da igiya, ba tare da an san irin ƙasar wurin ba. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji suke bi shi ne mita 30, tare da sharaɗin gindin rami ya kasance aƙalla mita 1 da rabi sama da ruwa. Mutane sukan riƙe rabin farko su yar da na biyu, alhali na biyun ya fi nauyi.

Lissafin saurin ruwa ba shi da wuya. Wani injiniyan Faransa, Henry Darcy, ya fito da shi a 1856 bayan gwajin da ya yi da bututu cike da rairayi a garin Dijon. Abu uku ake buƙata: yadda ƙasar take barin ruwa ya wuce, gangaren fuskar ruwan, da yawan ƙofofin da ruwan yake bi. A ninka na farko da na biyu, a raba da na uku.

Mu ɗauki misali. Rairayi mai gautsi irin na gindin gulbi yana iya kaiwa mita 20 a rana a ma'aunin farko. A ce fuskar ruwa tana sauka santimita 50 a kowace mita 100, wato 0.005. Ƙofofin da ruwa ke bi kuma kashi ɗaya cikin biyar na jikin ƙasar, 0.2. Ashirin sau 0.005 ya ba da 0.1, a raba da 0.2, an sami rabin mita a rana. Mita 12 ɗinka sun zama kwana 24. Idan kuwa lallausan rairayi ne mai gauraye da laka, wanda bai wuce mita 2 a rana ba, saurin ya koma santimita 5 a rana, tafiyar ta zama kwana 240. A yumɓu tsantsa sai a yi shekaru ba a iso ba. Nisa ɗaya, amma sakamako ya bambanta ninki goma ko fiye. Waɗannan lambobi na misali ne, ba awon gidanka ba, sai dai suna nuna dalilin da ya sa duk wanda ya ce maka "mita kaza ya isa" bai ga ƙasar da aka fitar daga rijiyar ba, zato yake yi.

Akwai abu biyu da suke ɓata wannan lissafi, duka ta ɓangaren da ba a so. Na farko, ƙasa ba iri ɗaya ba ce daga sama zuwa ƙasa. Siririyar shimfiɗar tsakuwa mai kaurin tafin hannu, ko tsohon ramin gara, ko gurbin saiwar itacen da ta ruɓe, kowanne zai iya kai ruwa cikin kwana biyu inda lissafi ya ce wata guda. Na biyu, rijiyar da ake ja tana janyo ruwa daga kowane gefe. Duk lokacin da aka kwashe ruwa, fuskarsa tana lotsawa a kewayen rijiyar, gangare ya ƙaru, ruwa ya ƙara sauri. Guga ba ya yin lotsawa mai yawa. Amma ranar da aka saka famfo mai aiki da hasken rana ko inji, ruwa ya sauka mita guda a cikin rijiya, to gangaren da ke tsakaninta da shadda mai nisan mita 12 ya ninka wancan na misali sau da yawa, kuma ko da a da ruwan yana tafiya ne daga rijiya zuwa shadda, yanzu zai iya juyowa.

Busasshiyar ƙasar da ke ƙarƙashin rami

Mafi yawan tacewa ba a cikin ruwan ƙasa take faruwa ba, a ƙasar da ke tsakanin gindin rami da fuskar ruwa take faruwa. A nan ƙofofin ƙasa rabi iska ne rabi danshi, ruwan ƙazanta yana tsiyaya a hankali yana lasar jikin ƙwayoyin rairayi, ƙwayoyin cuta suna maƙalewa. Ƙwan tsutsar ciki da sauran masu girma a nan suke tsayawa. Bakteriya ma mafi yawansu ba sa wuce mita 2 na lallausar ƙasa marar ruwa. Bairus, waɗanda suka fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, su ne suka fi nisan tafiya. Wani nazari da ya tattara binciken ƙasashe da dama a 2013 ya nuna an taɓa bin sawun bakteriya har mita 25 daga ramin shadda, bairus kuma har mita 50.

Da rani, gidanka yana da wannan kariya: daga mita 4 zuwa mita 6, tazarar mita 2 ce cif. Da malka babu ko taƙi. Ruwa ya hau ya wuce gindin ramin da rabin mita, ƙazanta tana narkewa kai tsaye cikin ruwan ƙasa. Wannan ya yi daidai da lokacin da ka ce yara suna zawo, ko da yake ba zan ɗora wa rijiya laifin duka ba daga nesa. Damina lokacin ƙuda ne da danshi da abincin da ke saurin lalacewa, kuma zazzaɓin cizon sauro ma yakan zo wa ƙananan yara da gudawa. Yaron da zawo ya kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, a kai shi likita, kada a jira sakamakon awon rijiya.

Sauran abu biyu game da ramin. Sabuwar shadda ta fi tsohuwa haɗari a watannin farko, domin da tafiya ta yi tafiya wani kauri mai yauƙi yakan toshe gindin ramin da gefensa, ya zama matata. Ta maƙwabcinka bara aka gina ta, ta gamu da damina tun ba ta yi wannan kaurin sosai ba. Sannan yawan ruwan da ake zubawa yana da tasiri ƙwarai. Waccan kariya ta mita 2 tana aiki ne idan abin da ke shiga bai wuce kamar lita 50 a rana ba a kowace murabba'in mita na gindin rami. Ramin da faɗinsa mita 1.2 ne, gindinsa bai fi murabba'in mita ɗaya da kaɗan ba. Idan buta kawai ake shiga da ita, ba za a wuce ba. Idan kuwa a nan ake wanka, gida mai mutum goma zai zuba lita 150 ko fiye kullum, ƙasar ƙarƙashi ta jiƙe sharkaf, tacewa ta ragu ko da rani. Ka tambayi maƙwabcin naka cikin lalama ina ruwan wankansu yake zuwa. Ka kuma dubi naka gologon, da taka shaddar, don ba ka faɗi nisansu da rijiyar ba, kuma sau da yawa na gida ne ake tararwa ya fi kusa.

Ina ruwan ya nufa?

Ba a dogara da gangaren ƙasa wajen sanin wannan, musamman kusa da gulbi. Idan gulbi ya kawo, yana tura ruwa cikin gaɓarsa, tafiyar ruwan ƙasa ta karkata. Idan ya janye, masu lambu suka tayar da injuna, ta sake karkata wani wajen. Amma ana iya aunawa da kayan magini. A sami rijiyoyi uku da ba a layi ɗaya suke ba, tsakaninsu mita 50 zuwa 100. A yi wa kowace alama a baki. A ɗauki farin tiyon da magina suke daidaita gini da shi, a bi daki-daki a gano bambancin tsayin alamomin uku. Sai a auna zurfin ruwa daga kowace alama da asuba, kafin kowa ya jefa guga, duka a rana ɗaya.

Misali, a rijiyar farko ruwa yana mita 6.20 daga alama. Alamar ta biyu ta fi ta farko ƙasa da santimita 40, ruwanta kuma yana mita 5.95. Idan an mayar da shi kan alamar farko ya zama 6.35. Ke nan fuskar ruwa a ta biyu ta fi ƙasa da santimita 15, ruwa yana karkata zuwa wajenta. Ta ukun ce za ta nuna kusurwar. Inda ake kuskure shi ne kumfar iska a cikin tiyo, da aunawa bayan mata sun gama ɗiba, da igiya mai miƙewa. Kuskuren santimita 5 ya isa ya juya amsar. A yi awon sau biyu, a watan Mayu da ƙarshen Agusta.

Kafin a zargi ƙasa, a dubi bakin rijiya

A rijiyoyin gida da ake samu da ƙwayoyin cuta, hanyar da ta fi yawa ba ta ƙarƙashin ƙasa ba ce. Ta sama ce. Igiyar da ake ja a ƙasa inda kaji da awaki suke yawo, gugan da ake ajiyewa a taɓo, bakin da ba shi da murfi, daɓen da ya tsage, ruwan wanki da ke kwanciya a gindin rijiya yana bin bayan zoben siminti yana sauka. Ruwan sama na farko yakan wanke tsakar gida duka ya nufi wuri mafi ƙasa, kuma wurin da aka shekara ana tattakawa ana zubar da ruwa, gindin rijiya ke nan.

Gyaran wannan bai kai kuɗin burtsatse ba ko kusa. A ɗaga bakin rijiya ya kai santimita 70 zuwa 80. A toshe mahaɗin zobba da siminti daga sama har aƙalla mita 3. A tone kewayen zoben sama, a cusa yumɓu a daddaɓe, sannan a zuba daɓen siminti mai faɗin mita 1 da rabi zuwa 2 ta kowane gefe, mai gangara waje, da ƴar magudana da za ta kai ruwa nesa. Murfi, da guga ɗaya tak mai marataya, wanda ba ya taɓa ƙasa.

Bayan gyara sai wanki da kulorin. Ga rijiya mai faɗin mita 1.8, kowace mita ta zurfin ruwa tana ɗauke da lita 2,500 da ɗoriya. Idan ruwan ya kai mita 3, kusan lita 7,600 ke nan. Garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 cikin ɗari, ana buƙatar kamar giram 77 ga kowace lita 1,000, wato wajen giram 600 gaba ɗaya. A narka shi a bokitin roba, a bar farin gari ya kwanta, a zuba ruwan sama-sama, a motsa da guga, a rufe a bari ya kwana. Washegari a kwashe har warin ya tafi. Kada kowa ya shiga rijiyar a lokacin, kada kuma a saukar da inji mai hayaƙi cikinta, hayaƙin nan yana kisa. Amma a sani kulorin yana wanke abin da ke ciki ne a ranar. Idan daga ƙasa ƙazantar take zuwa, cikin mako ɗaya ko biyu za ta dawo. Wannan ma hanyar bincike ce: a gyara baki, a wanke, a jira mako biyu zuwa uku, a gwada. Idan ƙwayoyin sun dawo da yawa alhali sama a rufe take, to an san inda suke fitowa.

Abin da nisa ba ya maganinsa

Akwai gurɓatar da ba ta mutuwa a hanya. Fitsari da bayan gida suna ɗauke da sinadarin da ƙwayoyin ƙasa suke mayarwa nitirat, irin wanda ke cikin takin zamani. Nitirat ba ya maƙalewa a rairayi, ba shi da launi, ba shi da wari, yana tafiya duk inda ruwa ya tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin lita. Mutum guda yana fitar da wajen kilo 4 na wannan sinadari, wato naitirojin, a shekara. Gida mai mutum goma, kilo 40. Ko rubu'insa kawai ya sauka, ya zama kilo 44 na nitirat, abin da zai kai lita 880,000 na ruwa bakin iyaka. Ruwan saman da ke nutsewa ta fili mai mita 20 sau 20 a shekara bai kai ko kusa da wannan ba. Shi ya sa a unguwa mai cunkoso, inda kowane gida yake da raminsa, nitirat yakan hau a duk rijiyoyin sama, ko ta wanda ya ba da tazarar mita 30. A gefen lambuna kuma taki yana ƙara nasa.

Waɗanda ya fi cutarwa jarirai ne ƴan ƙasa da wata shida, domin yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata, har leɓe ya yi shuɗi. Tafasa ruwa ba ya cire shi, ƙara masa kauri ma yake yi tunda ruwa ne ke tashi. Kulorin ba ya taɓa shi. Nonon uwa zalla a watanni shidan farko ya rufe wannan ƙofa. Inda ake haɗa madara, kada a yi da ruwan rijiyar da ba a gwada ba.

Gwajin da za a nema

Ruwa garau ba shaida ba ce. Ka tuntuɓi ma'aikatar ruwa ta jiha ko sashen tsafta na kiwon lafiya su nuna maka inda ake awo. Abu huɗu za ka nema: ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, nitirat, yawan gishirin da ya narke, da fulor, wani sinadari da ke narkewa daga jikin dutse. Na E. coli, kwalbar ɗakin gwaji ake amfani da ita, wadda aka kashe wa ƙwayoyi, ba gorar lemo ba. Ba a taɓa bakinta, a saka ta cikin ƙanƙara, a kai cikin awa 6, kada dai ya wuce kwana guda. Ruwan sha ana son sifili cikin mililita 100. Daga 1 zuwa 10 haɗari kaɗan, 11 zuwa 100 babba, sama da 100 kuwa ba a sha sai an yi magani. Idan nitirat da gishiri suka hau tare suka fi na rijiyoyin da ke wajen unguwa, shadda ake zargi. Nitirat shi kaɗai kusa da lambu ya fi nuna taki. Awo ɗaya da rani zai iya fitowa lafiya lau ya yaudare ka. Na ƙarshen Agusta ko farkon Satumba shi ne mai faɗin gaskiyar rijiyarka.

Batun burtsatse

Zurfi yana taimako, amma sai an cika sharuɗɗa. Dole mashigar ruwan bututun ta kasance ƙarƙashin shimfiɗar yumɓu ko can ƙasa da fuskar ruwa, sauran bututun kuma rufaffe. Dole a cike tsakanin bututu da bangon rami: tsakuwa a wajen mashiga, yumɓu a samanta, siminti a mita 5 zuwa 6 na sama. Wannan simintin shi ne abin da masu haƙa na araha suka fi tsallakewa, don ba a ganinsa bayan an gama. Burtsatsen da ba a toshe ba hanya ce aka buɗe wa ruwan sama mai ƙazanta ya bi bayan bututu ya sauka, ya ɓata har na ƙasan da ke da tsabta. Ƙaramar burtsatsen lambu mai mita 10 ko 12 kuwa, ruwan rijiyarka ɗin nan dai take sha, kuma da ja mai ƙarfi. Ka tsaya a wurin ranar zuba siminti, ka kuma sa a ajiye maka samfurin ƙasa na kowace mita a jere don ka ga inda yumɓu yake.

Sannan ruwa mai zurfi yana da nasa ciwon, mu mutanen jihar nan mun fi kowa sani. A Tibiri, burtsatsen da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 tana ɗauke da fulor da ya ninka iyakar miligiram 1.5 cikin lita fiye da sau uku. Ruwan fes yake, babu ƙwayar cuta, aka yi shekaru ana sha kafin a gane. Ɗaruruwan yara suka tashi da haƙora masu tsatsa da ƙafafu a lanƙwashe. Fulor ba ƙazantar mutum ba ce, daga jikin dutsen yake narkewa a ruwan da ya daɗe a ƙasa, kuma tafasawa ko kulorin ba sa cire shi. Duk sabuwar burtsatse a yankin nan, kada yaro ya sha sai an auna fulor. A auna ƙarfe ma, ko da yake shi nasa ɓata ɗanɗano da jan tufafi ne.

Idan ka haƙa sabuwa, kada tsohuwar rijiyar ta koma juji ko shadda, kamar yadda ake yi a wasu gidaje. Wannan zuba ƙazanta ne kai tsaye cikin ruwan unguwa duka. Ko a ci gaba da kula da ita a rufe, ko a cike ta da ƙasa mai tsabta a toshe samanta da yumɓu.

A ganina, kafin kuɗin burtsatse su taru, daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Oktoba ku ɗauki ruwan sha da na girki daga famfo idan yana kusa, rijiya ta tsaya ga wanki da ban ruwan dabbobi. Inda babu famfo, a tafasa, ko a saka ƙwayar kulorin ta Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. Idan ruwan ya yi gurɓi, a bari ya kwanta a tace tukuna. Bido mai ƙaramin baki ya fi randar da kowa ke tsoma moɗa.

Shaddar kuma, tunda zaman tare ake, gyaranta ya fi kai ƙara sauƙi. A wuri irin naku inda ruwa ke hawa mita 3 da rabi, rami bai kamata ya wuce mita 2 ba. Abin da ya dace shi ne ramuka biyu gajeru, mita 1 da rabi kowanne, a ɗaga su sama da ƙasa kaɗan, a zagaye su da lallausan rairayi mai kaurin rabin mita. Ana amfani da ɗaya, idan ya cika a rufe shi a koma ɗayan, bayan shekara biyu abin da ke cikin na farko ya zama taki da za a iya kwashewa. Wanda aka riga aka haƙa, idan an yashe shi da rani, ana iya cike gindinsa da rairayi har zurfin ya dawo mita 2, a kuma raba shi da ruwan wanka. Zai riƙa cika da wuri, kuɗin yasa zai ƙaru, kuma tunda kai ne za ka fi amfana, ba laifi ka ce za ka ɗauki rabi.